Jarrabawa a Jikin Shugaba

Kowa a unguwar Tandabawi ya san Sabitu. Wanda bai san shi ba ma, Sabitun ne zai tare shi a bakin lungu ya gabatar masa da kansa, har ya ƙara masa da shawarar ya rage cin gishiri.

Aikinsa a wani ɗan asibitin kuɗi yake can Zahir, irin wanda a nan Makka muke ce wa mustausaf. Keken marasa lafiya yake turawa, in mudir, wato shugaban asibitin, ya yi baƙi ya kawo shayi. Wannan ba abin kunya ba ne, da shi yake ciyar da matarsa Maijidda da 'yarsu Saudat. Abin kunyar ya fara ne ranar da wani likita ya koma ƙasarsu ya bar tsohuwar farar riga a rataye. Sabitu ya ɗauko ta, ya kai aka rage masa hannuwa, daga ranar bakinsa ya koma "mu ma'aikatan lafiya". Mu kuwa mutanen unguwar nan, a faɗi gaskiya, farar riga ce lagonmu. Ko akuya aka sanya wa ita, sai mun nuna mata inda yake mana ciwo.

A shekarun nan da ake ta rusau a kewayen Harami, sai labari ya karaɗe gari wai an fara sa ido a kan masu hijama, wato ƙaho, duk wanda ba shi da rukhsa ya kuka da kansa. Rukhsa ita ce lasisi. Hankalin masu maganinmu ya tashi. Akwai Yusha'u wanzami, Basakkwace, da zabirarsa ta gado. Akwai Abdulƙadir maɗori, wanda hannunsa ya kai faifai faɗi. Sai Inna Iyatu ungozoma, wadda tun da haihuwa ta koma asibiti ta tsaya ga wankan jego, kuma rabin matan unguwar nan sun san zafin ruwanta.

Sabitu ya ji wannan labari, ya guge farar rigarsa, ya nufi gidan Alhaji Mukhtaru. Shi Alhaji haifaffen nan ne, kakansa ya zo hajji a ƙafa bai koma ba, kuma a falonsa dattawan unguwa suke zama su sasanta rigima.

"Alhaji, abin nan mai sauƙi ne," in ji Sabitu. "Ni a cikinsa nake kwana nake tashi. Kowane likita akwai hukumar da take gwada shi, ta ba shi rukhsa, lokaci ya yi ta sabunta masa. Mu kafa tamu. In gwamnati ta zo ta tarar mun riga mun tantance mutanenmu, kunya ma za ta ji."

"Wa zai shugabance ta?"

Sabitu ya gyara wuyan riga ya dubi silin. "Ni dai ban ce komai ba."

Dattawa suka yi shawara. Alhaji Mukhtaru ya ce, "Ɗayyib. Mun ba ka shekara. Amma ka sani, mai awo ma ana auna mudunsa. In ta zagayo za mu zauna mu duba aikinka. Mun ga amfani, mu sabunta maka. Ba mu gani ba, halas, shi ke nan, kowa ya kama gabansa."

Shekara guda, abin da Sabitu ya yi shi ne sassaƙa hatimi. Ya buga shi a littafin makarantar Saudat, ya buga a kwalin shayi, ya buga a bangon ɗaki. Ya aika hotonsa Kano da farar riga, 'yan uwansa suka dinga bugo waya suna "Allah ya ja zamanin Shugaba". A masallaci ya daina amsa sunan Sabitu mai keke. In an kira shi da shi sai ya waiga baya, kamar da wani ake.

Da ranar zama ta matso, Maijidda ta ce, "Baban Saudat, gobe me za ka nuna musu? Wa ka gwada?"

"Ke harkar gwamnati ba irin dakan yaji ba ce. Ana yin ta ne da tsari."

"To Allah ya sa tsarin ya iya magana, don ni ban ga ƙafarsa ba."

Daren nan Sabitu ya kwana yana lissafi. In dattawa suka ƙi sabuntawa, gobe-goben nan ya koma Sabitu mai keke, kuma sai ya nemo abin da zai faɗa wa Kano.

Washegari bayan la'asar falon Alhaji ya cika. Dattawa sun jeru a jikin bango, maza sun cika ƙofa, mata suna ɗakin ciki an ɗage labule rabi. Sabitu ya miƙe ya yi jawabi har shayi ya huce. Ya ambaci inganci, ya ambaci tsafta, ya ce akwai shirin buɗe reshe a unguwar Shisha.

Alhaji Mukhtaru ya ce, "Ya Sabitu, kalam ɗinka da daɗi. Mutum nawa ka gwada?"

"Ana kan hanya, Alhaji."

"Hanyar ta ina ta bi? Ta Jidda?"

Aka kwashe da dariya. Daga bayan labule sai muryar Inna Iyatu ta fito, kamar an kaɗa tasa. "Alhaji, bar wahalar da bakinka. Ɗan nan ko kaikayi bai taɓa warkarwa ba. Da me zai gwada mu? Da ido? Magani ai sai wanda ya ji shi a jiki ya san mai kyau."

A nan ne mai hankali zai yi shiru ya sha shayinsa. Sabitu kuwa sai ya daki ƙirji.

"Inna, ai kin riga ni ne! Tsarin ke nan da nake ɓoyewa! Wannan hukuma ba ta ba kowa rukhsa sai ya yi aikinsa a jikin Shugaba. A jikina! Yau ɗin nan, a gaban kowa!"

Maijidda ta dafe kai. Yusha'u wanzami kuwa tuni ya jawo zabira daga bayansa.

"Madalla da tsarin ga," in ji shi. "Tuɓe, Shugaba."

Sabitu ya dubi zabirar. Shi da ya zaci za a ce a sa rana. "Wato, Sarkin Aska, ba lalle sai yau ba. Sai an duba kwanan wata, ko ya dace da ƙaho."

Wani dattijo ya ce, "Yau sha bakwai ga wata. Ranar sunna ce tsaf."

"Allahu akbar," in ji jama'a.

Ya tuɓe farar riga, ya ninke ta a hankali kamar mai bankwana, ya durƙusa a tsakiyar kafet. Yusha'u ya ɗora ƙaho na farko a gadon bayansa ya zuƙa, fata ta tashi. Ya cire, ya ɗauko aska.

"Dakata! A mustausaf kofin roba ake sawa, da ɗan famfo."

"Can ka ga roba. Ƙahon ga na kakana na. Sunkuya."

Aska ta sauka, tsat-tsat-tsat. Sabitu ya ce "Wash!" sannan ya tuna da dattawa, ya mayar da shi tari. "Hannu da nauyi kaɗan," ya faɗa da muryar manya, "za a rubuta."

"Mi kac ce? Hannuna ad da nauyi?" Ran Yusha'u ya ɓaci. "To bari ka ga inda sauƙi yake."

Wanzamin da aka taɓa wa sana'a a gaban mutane ba ya tsayawa a ƙaho biyu. Ya jera su tun daga kafaɗa har ƙugu, ya ce jinin Shugaba ya mutu da yawa saboda zaman ofis. Ya aske masa ƙeya ƙwal, ya kafa wani a can. Kafin a jima Sabitu ya koma kamar bushiya. Duk motsin da ya yi sai ƙahoni su yi ƙwaram-ƙwaram.

"Ya kake ji, ya Shugaba?" in ji Alhaji.

"Garau, Alhaji. Ni ai ko allura ba na ji."

"Ya ci jarrabawa?"

"Ya ci! Wallahi ya ci! A cire!"

Ana cikin cirewa Abdulƙadir maɗori ya miƙe, fuska a murtuke. "Alhaji, ni ban yarda da wannan rashin adalci ba. An gwada wanzami, ni fa? Shugaba ba shi da karaya, ba shi da targaɗe. Haka zan koma gida ba rukhsa?"

Ya matso ya kama hannun Sabitu yana lallatsawa, kamar mai zaɓen rake. "Ko da yake, wannan ƙashin ba wuya zai yi ba."

Sabitu ya fizge hannunsa. "Kai! Hukuma ta ɗage jarrabawarka sai wani zama."

"Zan jira," in ji Abdulƙadir, ya koma ya zauna. "Allah ba ya hana bawa rabonsa."

Sabitu ya kai hannu ga farar rigarsa. Sai Inna Iyatu ta yi gyaran murya.

"Ina zuwa, ɗan nan? Ruwana ya tafasa."

Ashe tun da ya daki ƙirji ta tura aka ɗora babbar tukunya a kicin ɗin Alhaji, aka zuba ganyen darbejiya. Sabitu ya yi 'yar dariyar yaƙe. "Haba Inna, wankan jego ai na mai haihuwa ne. Ni me na haifa?"

"Ka haifi hukuma. Shekara guda kana naƙuda, yau ta faɗo. Tashi."

"To ai ke mace ce, ni namiji. Shari'a ba ta yarda ba." Ya dubi dattawa da murna, ya ga ya samu ƙofa.

"Wa ya ce zan taɓa ka? Allah ya sawwaƙe mini. Ni zan zauna a bakin ƙofa in ba da umarni. Matarka ce za ta yi. Maijidda!"

Maijidda ta fito tana naɗe hannun riga. Ita fa da ta haifi Saudat, wannan Sabitun ne ya tsaya a tsakar gida yana cewa wankan jego ai hutu ne, mata sun samu wurin shagwaɓa. Ta dube shi da ladabi ta ce, "Bismilla, Baban Saudat. Zo ka huta."

Aka fara ba shi kunun kanwa cikin kwano mai zurfi. Ya kurɓa, ya ajiye. Inna ta ce mai jego ba ta ragewa. Ya shanye, idonsa ya yi ja. Aka shiga da shi banɗakin da ke jikin falo, aka turo ƙofa, Inna ta sa kujera ta zauna da sandarta, dattawa suka miƙa kunne.

"Tsoma ganyen sosai," in ji Inna. "Kar ki sirka."

Fyaɗ!

"Wayyo Allah!"

"Me Shugaba ya ce?" in ji Alhaji.

Daga ciki murya ta fito tana rawa. "Na ce... ma sha Allah!"

"Baya, Maijidda. Nan ne ciwo yake taruwa."

Bayan nan kuwa shi ne wanda Yusha'u ya gama tsagawa yanzu-yanzu. Ruwan zafi da ɗacin darbejiya suka haɗu da sabon tsagi. Abin da Sabitu ya faɗa a lokacin, wani da Hausa, wani da Larabci, wani kuma ba harshen kowa ba ne. Matan da ke bayan labule suka dinga faɗuwa a jikin juna.

"Inna ta ci! Ta ci da daraja ta ɗaya!"

"Ban ci ba tukuna," in ji Inna. "Wankan jego safe da yamma ne, har a yi arba'in. Yau dai somi ne. Ƙara masa a ƙugu."

Jin arba'in ɗin nan ne ya kwance masa notin kai. Ya finciki tawul ya ɗaura, ya bankaɗe ƙofa, ya tsallake sandar Inna, tururi na tashi a jikinsa kamar dambun da aka sauke. Ƙafarsa jiƙe, tayil ɗin Alhaji kuwa santsi gare shi. Ya tafi suuu, ƙafa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, ya zube a gaban dattawa, tim, ya ture tiren shayi.

Abdulƙadir ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Na gaya muku Allah ba ya hana bawa rabonsa."

"Ba komai ba ne!" Sabitu ya yi ƙoƙarin tashi, idon sawunsa ya ce bai san zance ba. Kafin ka ce kwabo ya kumbura ya yi kamar gwanda. "A kai ni mustausaf! A yi mini hoto!"

"Shugaban masu maganin gargajiya a asibiti?" in ji wani dattijo. "Ai sai duniya ta yi da mu."

"Ku danne mini shi," in ji Abdulƙadir.

Ƙarti suka danne. Abdulƙadir ya tofa addu'a a tafinsa, ya kama ƙafar, ya ce, "Shugaba, ya sunan kakarka ta wajen uwa?"

"Hure, me ya kawo—"

Ƙas!

Ihun da Sabitu ya yi, sai da tantabarun lungun suka tashi. Abdulƙadir ya jera 'yan itatuwansa, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tamau, ya ce kada a taka sai ya ba da izini.

Aka jingina Sabitu da bango, aka yafa masa mayafi. Ƙeya a aske, baya a tsage, jiki ja wur, ƙafa a ɗaure, cikinsa kuma kunun kanwa ya fara kiran sallah. Amma mai cika baki ko a kan makara sai ya gyara kwanciya. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Jama'a, kun dai ga yadda ake aiki."

Dattawa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Alhaji Mukhtaru ya gyara zama.

"Ya Sabitu, mun zo da niyyar rushe wannan hukuma, ba zan ɓoye maka ba. Amma wallahi tun da nake ban taɓa ganin shugaban da ya ba da jikinsa haka ba. Majalisa ta sabunta maka. Ba shekara ɗaya ba, biyar."

Aka ɗau tafi. Mata suka rangaɗa guɗa. Sabitu ya ji wani sanyi ya ratsa shi har ya manta da ƙafa. Ya fara tsara abin da zai faɗa wa Kano.

"Da sharaɗi ɗaya," in ji Alhaji. "Tsarin nan naka shi ne doka. Kowa sai a jikinka, kuma kowace shekara a sabunta."

"Kowace... shekara?"

"Kai ka ce haka likitoci suke yi."

Yusha'u ya ɗaga aska. "Alhaji, tun da hakanan na, ni tawa ba ta cika ba. Aikin wanzami ba ƙaho ɗai ba na. Akwai cire beli. Akwai kuma aikin nan da mukan yi ma yara maza."

Sabitu ya ƙanƙame mayafi. "Wannan an yi mini tun ina yaro!"

"Wa yas shaida ingancinta? Hukuma ta gani?"

Ba a gama dariyar wannan ba aka ji hayaniya a waje. Ashe masu wayoyi a bakin ƙofa sun ɗauki abin tun daga ƙahon farko sun watsa, ya kai Zahir, ya kai Shisha. Wanda yake kusa da taga ya leƙa ya ce, "Alhaji, lungu ya cika. Ga mai cire haƙori da abin aikinsa. Ga mai sakiya yana tambaya ina zai hura wuta ya gasa ƙarfensa. Ga wata da tulun maganin basir, ta ce sai an sha an kwana uku ana zagayawa. Duk rukhsa suke so."

"Su yi layi," in ji Alhaji. "Shugaba yana nan."

"Ba na nan!" Sabitu ya fashe. "Na sauka! Na rushe hukumar! Alhaji, ni keke nake turawa, wallahi keke! Shayi nake kai wa mudir! Ko awon zafin jiki ban iya karantawa ba, juya abin nake yi ina gyaɗa kai!"

"Wannan mun sani tun bara," in ji Inna Iyatu.

"Kuma ba kai ka kafa ba balle ka rushe," in ji Alhaji. "Majalisa ta kafa, majalisa ke rushewa. Wa ya yarda a ci gaba?"

Hannuwa suka tashi ko'ina. Ta gefen labule aka ga na Maijidda, guda biyu.

"Wa bai yarda ba?"

Sabitu ya ɗaga nasa shi kaɗai, ya duba hagu ya duba dama, bai ga ɗan'uwa ba.

Mai cire haƙori ya riga ya sako kai a ƙofa yana sallama. Sabitu ya dube shi, ya dubi abin da ke hannunsa. Sai ya zame ya miƙe a kafet, ya juya ya fuskanci alƙibla, ya ja mayafi ya rufe har kansa.

Daga ƙarƙashin mayafin ya ce, "Maijidda, ki gaya musu Shugaba ya rasu. Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne."

Maijidda ta je ta leƙa taga, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo.

"To Baban Saudat, ka yi sa'a. Ga mai wankan gawa can a ƙarshen layi da sabulunsa. Bari in ce a ba shi hanya ya wuce gaba."

Gawa ta yi wuf ta tashi. Da tawul, da mayafi, da ƙafa a ɗaure, Sabitu ya ratsa ta tsakiyar dattawa, ya bi ta kicin, ya fice ta ƙofar baya, ya miƙi lungu yana ɗingishi da gudun da mai ƙafa biyu lafiyayyu bai isa ya kamo shi ba.

Abdulƙadir ya fito bakin ƙofa yana nuna shi da hannu, yana washe baki.

"Jama'a ku shaida! Yanzu na ɗaura, ga shi yana gudu! Wa zai buga mini hatimi?"